Katniss ba ta san abin da kai ka sani ba: dabarar da ta riƙe The Hunger Games

Yarinya ce 'yar shekara 16, tana cikin kogo tare da wani yaro sa'anta da aka sara da takobi a cinya, ciwon ya fara ruɓewa, zazzaɓi na cin sa. Ya soma yi mata maganar mutuwa, ita kuwa ba ta son ji, sai ta sunkuya ta sumbace shi don ya yi shiru. Tana fitowa waje shan iska sai ga wata 'yar laima ta sauko daga sama ɗauke da tukunyar romo mai zafi. Ba wasiƙa a jiki, ba kowa a wurin, amma ta gane saƙon sarai: masu kallo a talabijin sun ji daɗin abin da suka gani, kuma in ta ƙara musu za su ƙara biya.

To kai mai karatu, a wannan lokacin son sa take yi ko wasan kwaikwayo take? Na karanta The Hunger Games sau biyu, na farko a waya cikin kwana biyu lokacin da muke zaman jiran a koma makaranta, na biyu a natse da biro a hannu, kuma har yanzu ba zan iya rantse maka a kan amsar ba. Ita kanta yarinyar ba ta sani ba. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda marubuciyar ta shirya wannan rashin sani da gangan, ta hanyar zaɓen wanda zai ba da labarin da kuma lokacin da zai ba da shi. In ba ka karanta littafin ba kuma ba ka ga fim ɗin ba, ka sani zan tona ƙarshensa a nan, kada ka ce ban faɗa ba.

Suzanne Collins, 'yar Amurka, ita ta rubuta shi, kamfanin Scholastic ya buga a 2008. Kafin nan ta daɗe tana rubuta shirye-shiryen yara na talabijin, kuma hannun nan na masu talabijin yana nan a littafin: kashi uku ne, kowane kashi babi tara, babi 27 ke nan, kuma da wuya babi ya ƙare ba a bar ka a rataye ba. Ta sha faɗa cewa tunanin ya zo mata ne wani dare tana sauya tashoshi, nan matasa na gasar neman kyauta a gaban kyamara, can kuma hotunan yaƙin Iraki, har abubuwan biyu suka cakuɗe mata. Mahaifinta sojan sama ne da ya je yaƙin Biyetnam tana ƙarama. Sunan ƙasar da ta ƙirƙira, Panem, daga wata tsohuwar magana ta Romawa ya fito, wadda ke nufin a ba talakawa burodi da wasanni su manta da mulki.

Labarin a taƙaice: Panem na da babban birni, Kapitol, da gundumomi 12 da ke yi masa bauta. Don hukunta su a kan wani tsohon tawaye, duk shekara kowace gunduma na ba da yaro ɗaya da yarinya ɗaya masu shekara 12 zuwa 18, a zuba su 24 a fili guda su kashe juna har saura ɗaya, ƙasa gaba ɗaya na kallo kai tsaye. A gasa ta 74 ƙuri'a ta faɗa kan Prim, 'yar shekara 12 daga Gunduma ta 12 ta masu haƙar kwal, sai yayarta Katniss Everdeen ta ce ita za ta tafi a madadinta. Namijin da aka zaɓa shi ne Peeta Mellark, ɗan mai gidan burodi.

Daga shafin farko zuwa na ƙarshe Katniss ce ke magana da bakinta, kuma cikin lokaci mai ci take yi: ina tashi, ina gudu, ina ɗana kibiya. Ka tuna littattafanmu da tauraro ke ba da labarin kansa. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam na zaune lafiya a gidansa yana labarta abin da ya wuce. A Shaihu Umar, dattijon malami ne ke ba almajiransa tarihin rayuwarsa. Duk wuyar da suka shiga, ka san sun fita, tun da ga su suna magana, kuma sun riga sun fahimci abin da ya same su. Katniss ba ta da wannan gatan. Ba wata babbar Katniss da ke waiwaye ta ce maka "ashe ban sani ba a lokacin". Abin da ta gani shi ka gani, inda ta suma labari ya tsaya, inda dafin rina ya juya mata kai kai ma sai ka rasa gane gaskiya da mafarki. In ta yi wa mutum mummunar fassara, ba wanda zai gyara mata, sai dai kai ka lura da kanka.

Kuma tana yawan yi, musamman a kan Peeta.

Kafin ka zarge ta, dubi inda ta fito. Tana shekara 11 mahaifinta ya mutu a fashewar ramin kwal. Mahaifiyarta ta shiga wani irin baƙin ciki, ta zauna ba um ba um-um, 'ya'yanta na ramewa a gabanta. Katniss ce ta riƙa ratsa shinge tana shiga daji da kwari da bakan mahaifinta, ta harbo kurege da zomo ta kai kasuwar bayan fage. Akwai wani tsari da ke ba talaka hatsi da mai na shekara in ya yarda a ƙara sunansa cikin ƙuri'a, shi ya sa sunanta ya shiga sau 20, na abokin farautarta Gale sau 42, na Prim kuwa sau ɗaya tak. Yarinyar da ta tashi a haka komai a wurinta ciniki ne. Ba ta yarda akwai kyauta ba, kuma ba abin da ta tsana kamar a bi ta bashi. To Peeta kuwa yana bin ta babban bashi: a lokacin da yunwa ta kusa kashe su, ya ƙona burodi biyu, ya sha duka a hannun uwarsa, aka ce ya kai wa aladu, ya jefa mata su cikin ruwan sama. Shekara biyar ba ta iya ce masa ta gode ba. Yanzu kuma ga shi an haɗa su a inda dole ɗaya ya mutu.

Saboda haka duk alherin da ya yi mata sai ta nemi tarkon da ke ciki. Mahaifinsa ya kawo mata biskit ranar tafiya, ta wurgar ta tagar jirgin ƙasa don kada zuciyarta ta yi laushi. Peeta ya yabi iya harbinta a gaban mai horar da su, ya ce ba ta san irin tasirin da take da shi a kan mutane ba, ta ɗauka zagi ne, wai yana nufin tausayinta ake ji. Ranar da ya faɗa a gaban ƙasa baki ɗaya, a hirar Caesar Flickerman, cewa yarinyar da yake so ita ce wadda suka zo tare, tana samun sa ta hankaɗa shi kan tulun furanni har ya yanke a hannu. A ganinta ya mayar da ita abin dariya. Kai kuwa da ke karatu tun a wajen burodin nan ka soma zargin yaron da gaske yake. Haka za ka yi ta tafiya shafi bayan shafi kana gaban mai ba ka labari da taki ɗaya, kana jin kamar ka girgiza ta.

Inda abin ya fi daɗi shi ne cikin kogon. Peeta ya ba ta labarin ranar farko da suka shiga makaranta suna shekara biyar: kalar rigar da ta sa, kitsonta guda biyu, waƙar da ta tashi ta rera a aji, da yadda mahaifinsa ya nuna masa ita ya ce ya so auren mahaifiyarta. Tunaninta na farko shi ne yaron nan ya iya tsara zance don 'yan kallo. Sai kuma ta tsaya: rigar nan fa an yi ta, waƙar ma an yi. In ƙarya yake, ina ya samo waɗannan? Ta zo dab da ganewa, sai ta kauce. Marubuciyar ba ta sa kowa ya fito ya yi mana bayani ba, ta bar mu muna kallon yarinya mai kaifin basira a kan dabba da tarko da yunwa tana tuntuɓe a kan abin da ke gaban idonta.

Sai dai kada in cuce ta, shakkarta na da tushe. Peeta ya iya baki. Jirginsu na shiga Kapitol ya tsaya a taga yana ɗaga wa jama'a hannu, don wataƙila akwai mai kuɗi a cikinsu. Ya yi wa Katniss ƙarya mai santsi don ya rufa mata asiri a teburin cin abinci, ba ko ƙifta ido. A filin gasa kuma ta gan shi da idonta cikin ƙungiyar ƙartin yaran gundumomin masu hali, waɗanda ke farautarta. Tun da ba mu taɓa shiga kansa ba, mu ma muna da 'yar shakka, kuma ita ce ke sa a ci gaba da buɗa shafi. Da an ba Peeta babi ɗaya kacal ya faɗi abin da ke ransa, da rabin littafin ya zube. Masu rubuta mana labarai a WhatsApp da Wattpad, ku duba wannan da kyau: sau nawa ake shiga zuciyar saurayi a shafi na uku a gaya mana yana mutuwar son ta, sannan a ce mu jira shafi 80 kafin ita ta sani?

Ni a wurina Peeta ne ma ya fi wuyar rubutawa. Ba shi da ƙarfin faɗa kamar Cato, bai iya farauta ba, tafiyarsa a daji korar nama take, gwanintarsa ita ce ado a kan kek, da ita ya shafe jikinsa da laka ya ɓace a bakin rafi. Yarinya ce ke ceto shi, ta yi jinyarsa, ta ɗura masa maganin barci ta tafi karɓo masa allura. Amma a daren ƙarshe kafin gasa, a saman bene, shi ne ya ce damuwarsa kada filin nan ya canja shi ya zama wani dodo, yana so ko mutuwa zai yi ya mutu yana shi ɗin. Katniss ta ji haushin maganar, ta ga ta masu ƙoshi ce, ita da ke da ƙanwa da za ta ciyar. Ba ta fahimce shi ba sai da Rue ta mutu.

Rue 'yar shekara 12 ce daga Gunduma ta 11 ta manoma, mai tsalle daga bishiya zuwa bishiya, kuma Katniss na ganin Prim a jikinta. Da aka soke ta da mashi, Katniss ta harbe wanda ya yi, ta zauna ta yi mata waƙa har ta cika, sannan ta tsinko furanni ta lulluɓe gawar. A nan ta tuna maganar saman bene. Karon farko ke nan da ta yi wa kyamara abin da ba na neman abinci ko magani ba, don ta nuna wa Kapitol cewa wadda suka kashe mutum ce. Mutanen Gunduma ta 11, matalauta, suka aiko mata da burodi.

Kyamarar nan kuwa ita ce rabin dabarar. Katniss ba ta ganin ta, ba ta ganin masu kallo, amma ko da yaushe tana lissafin su. Ta hana kanta kuka wajen sallama da iyalinta domin akwai masu ɗaukar hoto a tashar jirgi. Bayan ta ga Peeta cikin maƙiyanta, da ta sauko daga bishiya sai ta ɗan karkata kai ta yi murmushi kamar ta san wani sirri, alhali ba ta san komai ba, don dai masu ɗaukar nauyi su rikice. Saboda muna cikin kanta, muna ganin abu biyu a lokaci guda, abin da take ji da abin da take nunawa, da tazarar da ke tsakaninsu. Duk wanda ya taɓa share hawaye ya gyara fuska ya ɗauki hoto ya ɗora a Instagram, ya koma yana leƙen mutum nawa suka yaba, ya san wannan tazarar. Littafin ya fito shekara biyu kafin a buɗe Instagram.

Haymitch, mai horar da su, mashayin da ya ci gasa ta 50, bai sa ƙafa a filin ba, amma yana cikin kusan kowane babi. Shi ke riƙe da kuɗin masu ɗaukar nauyi, shi ke yanke lokacin aiko da kaya, don haka Katniss ta koyi karanta shirunsa. Ƙishirwa ta kusa kashe ta, ta ɗaga kai ta roƙi ruwa, ba abin da ya sauko. Ta fusata, ta zage shi a zuci, sai daga baya ta ce a ranta, mutumin nan ba zai hana ni ruwa haka kawai ba, sai in ina kusa da shi. Ta lallaɓa gaba, ta faɗa cikin laka a bakin tafki. Ka lura, yarinyar da ke gane nufin mashayi daga nesa ba tare da kalma ɗaya ba, ita ce ta kasa gane yaron da ke kwance kusa da ita yana faɗa mata da baki. Ita da Haymitch harshensu ɗaya, na ba ni in ba ka.

A nan fim ɗin 2012, wanda Gary Ross ya ba da umarni, Jennifer Lawrence ta fito a Katniss, ya rabu da littafin. Fim ba ya iya zama cikin kan mutum, don haka aka fitar da mu waje: ga ɗakin da ake sarrafa filin, ga Seneca Crane da Shugaba Snow suna hira a lambu, ga bore a Gunduma ta 11, har 'yan takardu aka haɗa wa kyaututtukan Haymitch don mu san nufinsa. Fim ne mai kyau, ban musa ba. Amma a kogo fuska biyu kawai kake gani suna sumbatar juna, lissafin da take yi a zuci ya ɓace, sai ka zama ɗaya daga cikin 'yan kallon Kapitol da ke cewa kai, yaran nan sun dace. Abokaina da fim kaɗai suka gani sukan ɗauka labarin soyayya ne na wa za ta zaɓa, Peeta ko Gale, alhali Gale ɗin ma bayan babukan farko sai dai a tunaninta yake fitowa.

Akwai wani ɗan wuri kusa da ƙarshe da ya tsaya min a rai, wataƙila don abin da ake koya mana ke nan a aji. Bayan an gama, ana zaunar da wanda ya ci ya kalli taƙaitaccen shirin gasar na awa uku. Makonni aka ɗauka, dole masu tacewa su zaɓi labarin da za su bayar, kuma a bana labarin soyayya suka zaɓa. Sun nuna mutuwar Rue, sun nuna waƙar, amma furannin sun yanke su. Malaminmu kan ce wanda ke riƙe da almakashi a ɗakin tace labarai ya fi wanda ke riƙe da kyamara ƙarfi, kuma ban ga misalin da ya fi wannan fitowa fili ba. Mu da muka bi ta cikin kanta mun san abin da aka cire, mutanen Panem da ke kallon maimaicin kuwa an ba su wata Katniss dabam.

Ba wai littafin ba shi da rauni ba. Marubuciyar na tausaya wa tauraruwarta fiye da kima. An ce gasa ce da dole ka kashe na kirki da mugu, amma duk wanda muke so wani ne ke kashe mata shi: Rue ta faɗi a hannun wani, Thresh da ya yafe mata saboda Rue ya mutu ba a gabanta ba, yarinyar nan mai wayo da take kira Foxface ta ci 'ya'yan itace masu guba da kanta. Waɗanda Katniss ta kashe kuwa an riga an zana mana su a matsayin azzalumai, ba mu san iyayensu ba, wasu ko sunansu ba ta sani ba. Za ka iya kare wannan ka ce ai idonta muke aro, kuma mai son ya rayu ba ya tsayawa tausayin wanda ke bin sa da wuƙa. Na yarda da rabi. Daren da Cato ya kwana yana nishi a bakin karnukan Kapitol har ta harbe shi don tausayi ya nuna Collins na iya sa mu ji ciwon maƙiyi in ta ga dama. Ba ta cika ga damar ba ne.

Sai batun 'ya'yan itacen. An sanar cewa mutum biyu daga gunduma ɗaya na iya ci tare, da suka rage su biyu aka janye dokar. Katniss ta fito da gubar, suka raba, suka kai baki, dole aka dakatar da su aka ce duka sun ci, don Kapitol ba ta iya tashi ba gwani. Me ya sa ta yi? Don son Peeta, ko don ta kunyata masu mulki, ko don ba za ta iya komawa gida da wannan bashin a wuya ba? Tana cikin abin take ba mu labari, ba ta samu zaman tantancewa ba, kuma daga baya da ta tambayi kanta ba ta samu amsa ɗaya ba. Haymitch ya raɗa mata cewa manya sun fusata, mafitarta kawai ta nuna so ne ya rufe mata ido. Ta tambaye shi ko ya gargaɗi Peeta, ya nuna mata shi ba ya bukatar a koya masa. Ko wannan ma sai da ta juya shi a ranta tana neman ma'anarsa.

A hanyar komawa gida jirgi ya tsaya shan mai, suka sauka suna tafiya a gefen dogo, Peeta da ƙafar roba a madadin wadda aka yanke, ya tsinko mata furannin daji. Haymitch ya zo wucewa ya ce su ci gaba da yi har 'yan jarida su watse. Peeta ya tsaya. Sai a lokacin ya gane akwai shiri tsakaninta da Haymitch tun a fili, ita kuma sai a lokacin ta tabbata shi bai taɓa yin wasa ba. Ya tambaye ta nawa ne gaskiya a ciki, ta ce ba duka ne wasa ba, amma iya adadin ba ta sani ba. Ya koma cikin jirgi bai sake fitowa ba sai da suka iso Gunduma ta 12, inda kyamarori ke jira a tasha. Ya miƙo mata hannu saboda masu kallo, muryarsa ba fushi ba daɗi, ta kama ta riƙe gam.